Goggon da ba mu zaɓa ba

Takardar ta yi kwana goma sha ɗaya a ƙasan jakar makarantar 'yata kafin in gan ta. Ranar Asabar ce, na dawo daga aikin dare, na zazzage jakar zan wanke, sai ga ta a duƙunƙune tare da ɓawon lemo da safa ƙafa ɗaya. Makaranta ce ke sanar da iyayen 'yan aji biyar cewa za a yi wa yara darasi kan balaga da jinin al'ada, wanda ke son ganin abin da za a koyar ya zo ranar Laraba da ƙarfe uku da rabi. Na duba kwanan wata. Larabar ta wuce, darasin ma ya wuce. Ashe har imel sun turo, daga baya na tono shi tsakanin saƙon kuɗin abincin rana da na kwarkwatar da ta ɓulla a ajinsu.

Abin da na fara ji shi ne haushi. Na kira yarinyar, lokacin shekarunta tara da wata goma, na ce me ya sa ba ta ba ni takardar ba, me ya sa kuma da aka yi darasin ba ta ce min komai ba. Ta ɗan sunkuyar da kai ta ce, "Mama, na ga kamar ba kya son irin wannan maganar."

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Babu wani sashe na jikin ɗan Adam da ban wanke ba, ban sa wa magani ba, ban kira sunansa a gaban likitoci maza ba. Amma 'yar da na haifa ta karance ni tsaf, ta gano cewa a gida akwai ƙofar da ba a taɓawa. Kuma gaskiya ta faɗa.

Tun ranar nake juya wata tambaya a raina, ita nake son mu duba tare da kai mai karatu, ko kana nan Landan ko kana Kano. Idan makaranta za ta koya wa ɗanka abu mai nauyi, me ya wajaba a kanta ta sanar da kai? In kuma ta sanar da kai, me sanin ya ɗora maka?

A Tudun Wadar Zariya na tashi, kuma ni 'yar fari ce. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba har Allah Ya karɓi ranta, balle ta zaunar da ni ta yi min bayanin haila. Amma kar ka ɗauka an bar ni cikin duhu. A Islamiyya mun karanta babin haila a Ahalari tun ba mu san me ake nufi ba, muna ƙunshe dariya a hijabi. Ranar da abin ya zo, Goggo ce, ƙanwar babanmu, ta ja ni ɗakinta, ta yaga tsohon zani ta nuna min yadda ake ƙunzugu, ta koya min wanka, ta ja min kunne kan maza da kalmomin da har yau ba zan iya rubuta su ba. Da ta gama, sai ta wuce madafa ta ce wa mahaifiyata, "Yarinyar nan fa ta girma." Shi ke nan. Mahaifiyata ba ta ɗago ba, amma washegari na ga sabulu da sabon zani a kan gadona.

Ka ga kunyarmu ba haka kawai take tsaye ba, tana da masu tallafe ta. Uwa ta yi shiru ne saboda akwai goggo, akwai kaka da wasan jika ya ba ta damar faɗin komai, akwai yaya, akwai malamar Islamiyya. Sai muka ɗauko kunyar muka sa a akwati muka hau jirgi da ita, muka baro goggo da kaka a gida. A hawa na huɗu a wani bene da ke Catford, daga ni sai mijina sai yara. Wurin da goggo ta bari, malamar aji biyar ce ta shige shi, baturiya 'yar shekara ashirin da wani abu wadda ba mu zaɓa ba, ba ta san sunan garinmu ba. Sai dai akwai abin da Goggo ta yi wanda nake ganin shi ne ma'aunin duka maganar nan: ta je madafa. Ba ta nemi izini ba, amma ba ta bar uwa a rashin sani ba.

Bari in ɗan warware yadda tsarin yake a Ingila, don na lura ko mu da muke zaune a ƙasar da yawa muna cakuɗa shi. Tun watan Satumba na 2020, kowace firamare dole ta koyar da darasin zamantakewa, wato iyali da abota da mutunta juna da kare kai, makarantun gwamnati kuma dole su haɗa da darasin lafiya, wanda a cikinsa balaga da al'ada suke. Waɗannan biyun iyaye ba su da ikon cire yaro daga ciki. Haka ma darasin kimiyya, inda 'yan aji biyar ke koyon yadda tsirrai da dabbobi ke hayayyafa da yadda jikin mutum ke sauyawa daga jarirantaka zuwa tsufa. Abin da ya wuce wannan, wato ilimin jima'i, ba wajibi ba ne a firamare. In makaranta ta zaɓi koyarwa, kai kuma ka ce a cire ɗanka, dole a cire shi ba tare da ja-in-ja ba. Doka ta kuma ce makaranta ta rubuta manufarta kan waɗannan darussa, ta tuntuɓi iyaye, ta ajiye ta inda kowa zai gani. A watan Yulin 2025 gwamnati ta fitar da sabon jagora da zai fara aiki a Satumbar 2026, wanda ya sake nanata cewa iyaye na da damar ganin kayan koyarwar.

A takarda, komai ya yi kyau. A aikace kuma, a nan ƙaramar hukumarmu ta Lewisham aka yi wata shari'a da ta nuna inda gizo ke saƙa. A 2021 wata ƙungiya mai suna School of Sexuality Education ta je ta yi darasi a sakandaren Haberdashers' Hatcham College da ke New Cross. Wata uwa ta nemi a ba ta kwafin abin da aka nuna wa 'yarta, aka hana ta, bisa hujjar cewa kayan mallakar ƙungiyar ne, da su take neman abincinta. Ta kai ƙara ofishin kwamishinan bayanai, bai goya mata baya ba. Ta ɗaukaka, a 2023 kotun ma ta ƙi. A watan Oktoban shekarar ne ministar ilimi ta lokacin, Gillian Keegan, ta rubuta wa makarantu cewa duk wata yarjejeniya da ke hana nuna wa iyaye kayan darasi ba ta da ƙarfi. Sakandare ce, ba firamare ba, kuma ban ce ra'ayina ya zo ɗaya da na uwar a kan komai ba. Amma wallahi abin ya tsaya min a rai: a ce abu ya dace da idon yarinya, amma uwarta ba za ta riƙe kwafinsa ba.

Ya tsaya min ne don mu a asibiti mun riga mun sha wannan darasin, kuma da tsada muka saye shi. Duk wanda ya karanta jinya ko likitanci a Birtaniya cikin shekarun nan ya san shari'ar Montgomery. Nadine Montgomery mace ce mai ƙaramin jiki, tana da ciwon suga, cikinta kuma ɗan ya yi girma. Mace irinta na da haɗarin kusan kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari cewa kafaɗar jariri za ta maƙale wajen haihuwa. Likitarta ba ta gaya mata ba, kuma ta bayyana dalilinta: in ana gaya wa mata, yawancinsu tiyata za su nema, ita kuma tana ganin tiyatar ba alheri ba ce gare su. A 1999 aka haifi yaron a Scotland, kafaɗar ta maƙale, ya samu naƙasa a ƙwaƙwalwa. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce likita ba shi da hurumin ɓoye wa majiyyaci haɗarin da mai hankali zai so ya sani. Likitar nan fa ba muguwa ba ce. Da kyakkyawar niyya ta yi shiru, tana tsoron abin da matar za ta zaɓa in ta sani. To duk makarantar da ta taƙaita bayani don gudun kar iyaye su tayar da hankali ko su cire yara, irin wannan lissafin take yi. Ta yanke hukunci a madadinka, sannan ta ɓoye maka cewa akwai hukuncin da za a yanke.

Kuma sanarwa iri-iri ce. A wurin aiki mun san bambanci tsakanin majiyyacin da ya sa hannu a takarda da wanda ya fahimci abin da ya sa wa hannu. Takarda da turanci mai wuya a jakar yaro, taro da ƙarfe uku da rabi lokacin da rabin iyayen unguwar suna bakin aiki, direban bas ne, mai shara ce, mai kula da tsofaffi ce, wannan fita haƙƙi ne kawai. Maƙwabciyata 'yar Somaliya ɗanta ne ke karanta mata wasiƙun makaranta. Ka yi tunanin yaro ɗan shekara goma yana fassara wa uwarsa takardar da ke maganar mafarkin balaga. Ai tsallake layin zai yi.

To amma kar mu yi saurin wanke kanmu. Malamai ma suna da dalilin ɗari-ɗari. Kowa ya ga abin da ya faru a Birmingham a 2019, a makarantun Parkfield da Anderton Park, inda iyaye, yawancinsu Musulmi 'yan'uwanmu, suka yi makonni suna zanga-zanga a ƙofar makaranta kan darussan da suka ambaci iyalai masu uwa biyu ko uba biyu. An hana ɗaruruwan yara zuwa aji, an yi wa malamai barazana, har a watan Nuwamba babbar kotu ta haramta taruwa a kewayen Anderton Park, alƙalin kuma ya ce an jirkita abin da ake koyarwa a bakin masu zanga-zangar. Na yarda cewa da an zauna da iyayen tun farko, da wutar ba ta kai haka ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma ni ma ina cikin zaurukan WhatsApp na iyaye, na san halinmu. A turo hoton shafin wani littafi da ba a san ko daga wace ƙasa yake ba, a rubuta "ga abin da ake koya wa 'ya'yanku", kafin la'asar an tura wa mutum ɗari biyu, babu ko ɗaya da ya taka zuwa makarantar ya ce a nuna masa. Ina da aƙidata kan aure, ita nake koya wa 'ya'yana a gida, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ina kuma son su san cewa yaron da ke zaune kusa da su, ko wane irin gida ya fito, ba abin zagi ba ne. Abin da nake nema a wurin makaranta shi ne ta gaya min ranar da za a yi maganar da kalmomin da za a yi ta da su, don in riga ta, ko in biyo bayanta da nawa bayanin.

Wani abin da ya fi ba ni kunya shi ne wannan. A wannan shekarar ta aji biyar, 'yata ta yi zango guda tana karanta tarihin masarautar Benin, wanda yana cikin zaɓin da manhajar tarihi ta ba firamare. An kai su gidan tarihi na Horniman da ke Forest Hill, tafiyar bas ɗaya daga gidanmu, gidan da a 2022 ya amince ya mayar wa Najeriya mallakar kayayyaki 72 da sojojin Birtaniya suka kwaso daga Benin a 1897. Ni na sa hannu a takardar tafiyar, a tsaye, ina neman makullina. Ban tambaye ta me ta gani ba. Ƙasata ake koya mata, ban sani ba. Ban san ranar da aka fara koya mata raba lamba mai tsawo ba, ban san littafin da suke karantawa ba. Sai da aka ambaci jini na tuna cewa ina da haƙƙin sani. In ka yi shekara ba ka tambayi yaro me aka koya masa yau ba, kar ka yi mamaki in ranar da aka koya masa abu mai nauyi bai ga dalilin zuwa wurinka ba.

Ga kuma wani gefe da aikina ya hana ni kau da kai daga gare shi. Haƙƙinka na sani bai zama haƙƙin hana yaro sani ba. Yawancin 'yan mata na fara al'ada wajen shekara goma sha biyu, amma akwai masu farawa tun shekara takwas. Ƙungiyar Samaritans, wadda masu tunanin kashe kansu ke kira a waya, Chad Varah ne ya kafa ta a 1953, kuma abin da ya dasa masa tunanin jana'izar farko ce da ya jagoranta yana matashin limamin coci a 1935, ta wata yarinya da ba ta kai sha biyar ba. Ta ga jini, ta ɗauka muguwar cuta ce ta kama ta, ba ta da wanda za ta tambaya, ta kashe kanta. Ni ban ga irin wannan ba, Alhamdu lillahi. Amma na ga matan da suka haura hamsin, 'yan ƙasashenmu, da suka yi shekara suna zubar jini bayan al'ada ta ɗauke, ba su faɗa wa kowa ba, in ka tambaye su ina ke ciwo sai su ce "marata", su kau da kai. Kafin su zo, cutar ta yi nisa. Wanda ba a ba shi sunan abu ba tun yana yaro, da wuya ya iya kai ƙararsa yana babba.

Kuma, abin da ba ma son ji, akwai lokacin da ya dace malama ta ƙi kiran gida. Yawancin yaran da ake lalatawa, wanda suka sani ne ke yi, sau da yawa ɗan gida. In bayan darasin "jikinki naki ne" yarinya ta tsaya ta raɗa wa malama abin da kawu ke mata, gidan ba shi ne wurin farko da za a buga wa waya ba. Ni kaina tun ƙarshen Oktoban 2015 doka ta wajabta min, kamar yadda ta wajabta wa malamai, in na ga an yi wa yarinya 'yar ƙasa da sha takwas kaciya, in sanar da 'yan sanda, ko iyayenta sun so ko sun ƙi. Saboda haka ni dai inda na tsaya shi ne: abin da malama za ta faɗa wa aji, haƙƙina ne in san shi duka, tun kafin a faɗa. Abin da yaro zai faɗa wa malama, wannan amanar yaron ce, wani lokaci rayuwarsa ce ma a ciki. Goggo ma ai ba duk abin da na faɗa mata a ɗakin nan ta kai madafa ba.

Wata bakwai bayan takardar nan, 'yata ta fara al'ada a makaranta, ana tsakiyar darasin lissafi. Ta ɗaga hannu, ta je wurin malamar, aka ba ta audugar mata daga durowar da aka nuna musu tun ranar darasin. Da yamma ta shigo kicin ta faɗa min kamar mai ba da labarin ruwan sama. Na rungume ta, na yi mata addu'a, na koya mata wanka da hukuncin salla da azumi, abin da babu malamar da za ta koya mata a can. Da dare na shiga banɗaki na yi kuka, kuma har yau ban tantance ko na godiya ba ne ko na kishi. Yarinyar ba ta tsorata ba ko na minti ɗaya. Wata ce ta yi mata wannan, ba ni ba.

Bana ƙaninta ne a aji biyar. Tun makon farko na je ofishin makaranta na ce a ba ni jadawalin zangon, nake kuma zazzage jakarsa kowace Juma'a. Da takardar ta zo, na roƙi wata abokiyar aikina muka yi musanyar duti. Mu shida ne muka je, a ajin da ke da yara talatin. Na zauna a 'yar kujerar da gwiwata ta kusa taɓa haɓata, malamar ta nuna mana hotunan ɗaya bayan ɗaya, hannunta na ɗan rawa, da alama ta zaci faɗa muka zo yi. Zane ne na jiki, da sunayen gaɓoɓi, da maganar warin hammata da sauyin murya. Akwai shafi ɗaya da na ce a ganina ya yi wa 'yan shekara tara wuri, ta rubuta, ta ce za ta kai wa shugabar makaranta. Na tambaye ta yadda take yi in yaro ya yi tambayar da ta wuce darasin. Ta nuna min wani kwali mai tsaga a sama inda yara ke jefa tambaya ba suna, ta ce wasu tana amsawa a aji, wasu kuma sai ta ce a je a tambaya a gida. Na ce mata to ta riƙa gaya mana ranar da ta turo su, don kar su zo su tarar da ƙofa a rufe. Ta yi dariya, ta ce za ta riƙa sa layi ɗaya a saƙon Juma'a.

Na dawo gida da kwafin takardun, na ajiye wa babansa a kan tabarmar salla, na ce darasin ranar Talata ne, yau Laraba, kwana shida gare shi. Ya juya shafi biyu, ya cire tabarau, ya ce shi babansa bai taɓa yi masa irin wannan maganar ba. Na ce na sani, amma shi yana da baffanni huɗu a gida ɗaya. Ya yi shiru. Ranar Lahadi bayan isha'i na ji ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin yaron, ya yi gyaran murya har sau biyu kafin ya shiga. Ni kuma na koma kicin na buɗe famfo da ƙarfi, na hau wanke tukunyar da na riga na wanke.